Ranar da Na Faɗi Sunan Ubanki

Nana, da sunan Allah nake ɗaukar alƙalamin nan, ko da yake hannun da ke riƙe da shi bai gama warkewa ba. Na san irin wannan rubutu na tsofaffi ne, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, ni kuwa ko shekara ashirin da biyar ban cika ba. Amma tun abin da ya faru na daina yarda cewa gobe tawa ce. Kuma na san wata rana za ki yi wayo, wani daga dangin ubanki ya zaunar da ke ya ce uwarki ce ta kai mijinta wurin polis, ta tsaya gaban alƙali a jastis ta kira sunansa gatsau kamar sa'anta. Ba ƙarya zai yi miki ba. Sai dai daga wutsiya zai kamo labarin, ni kuwa ina so ki ji shi daga kai.

Gidan da aka haife ki gidan haya ne a Kalley, bayan Babbar Kasuwa. Ƙofa shida, pompo ɗaya, da itacen dogon yaro a tsakar gida wanda kowa ke ɗaura igiyar shanya a jikinsa. Har yau in na rufe ido, gidan nan nake gani, ba ɗakin da muke ciki yanzu ba. Da safe ƙamshin zogale ke tada mu, don maƙwabciyarmu Tanti Hamsa, Bazabarma ce mai sayar da dambu, tun da asuba take ɗora madambaci. Rediyon wata ƙofa na magana da Zabarmanci, na wata da Hausa, bokitai sun yi layi a bakin pompo, masu su na gardamar wadda ta riga ajewa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da rana tsaka, duk mu fito ƙarƙashin itacen da mafitai, a yi ta tsiya har la'asar. Ni baƙuwa ce daga Maraɗi, na zo Yamai wurin gwaggona don in yi karatu a makarantar lise, amma a gidan nan ban taɓa jin ni baƙuwa ba ce.

Ubanki tela ne, kuma ki sani ba wanda ya yi mini dole, ni na gan shi na ce ina so. Ina aji na biyu a lise na kai masa atamfa a shagonsa na bakin kasuwa. Ya ɗaga kai ya dube ni sau ɗaya, ya ce in dawo jibi. Na ce ai bai auna ni ba. Ya ce wanda ke buƙatar igiyar awo bai gama koyon aiki ba. Rigar ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta. Na koma da atamfa ta biyu, na koma da ta uku wadda ma ba tawa ba ce, arowa na yi. Kafin shekara ta zagayo na bar lakwal na shiga ɗakinsa, ina murna.

Iya, kakarki wadda kika ci sunanta, ta zo daga Damagaram bayan bikinmu da niyyar kwana goma, ta yi shekara huɗu, ban kuma taɓa ƙosawa da ita ba. Ita ta koya mini alkaki, ita ta yi mini wankan jego da hannunta, ita ke tauna goro ta zauna tana zagin zafin Yamai kamar wani ne ya aiko shi da gangan. Kullum suna faɗan wasa da Tanti Hamsa, wannan da Hausa, waccan da Zabarmanci, kowacce na rantsuwa ba ta jin harshen ɗaya, amma ba zagin da ke wuce ta. Iya ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai ɗiyata. Babban abin alfaharinta a duniya shi ne ta zauna da kakanki shekara arba'in har ya rasu, sunansa bai taɓa hawa harshenta ba. Ubanki kuma ɗanta ne na fari, shi ma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce wancan. Mutanen gida da na unguwa Tela suke ce masa. Kin ga ke nan, a gidan nan mai ƙofa shida mutum biyu kaɗai suka san sunansa na yanka, kuma su biyun ba mai iya faɗa. Wata rana muna tsinke zogale Iya ta ce mini:

"Sunan miji ba a baki yake zama ba, ɗiyata, a ciki yake zama. Ranar da kika ji mace ta fito da shi fili, to ta gama ɗaure kayanta, ko da kin gan ta zaune a ɗakin."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu, don ina son Iya, kuma ina son in zama irin matar da take yabo. Shi kuwa ubanki ya mai da abin wasa. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan ɗauke ni a moto mu haye gada, mu zauna bakin kogi inda masunta ke jawo kwale-kwale, ya sayi soyayyen kifi a takarda. Sai ya tsuke fuska kamar malamin lakwal, ya ce zai yi mini jarrabawar addini, wane annabi ne kifi ya haɗiye? In ce na manta. Ya ce ashe burebe ɗin nawa, jarrabawar da na ci a lakwal, na banza ne. In ce to, mai sunan wani ne da na sani. Ya yi ta dariya har ya ƙware da ƙaya. Shekara uku yana yi mini tambayar nan, ban taɓa faɗawa tarkonsa ba. Ina so ki san wannan mutumin ma ubanki ne. Shi nake kewa, kuma shi nake tsoro, ban san yadda zan raba miki su ba.

Abin ya fara ne gabanin wata babbar salla, kina da shekara ɗaya da ƴan watanni. Ɗinki ya yi masa yawa, abokan aikinsa suka ba shi ƙwayoyin nan da ake sha don kada barci ya zo. Salla ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Ba don in wanke shi nake faɗa ba, teloli da yawa sun sha ba su ɗaga wa matansu hannu ba. Marin farko a kan shaddar wani alhaji ne da na ƙona da dutsen guga. Iya na zaune a ƙofar ɗaki, ta ji, da aka zo cin tuwo ta tura mini tsokar da ke gabanta. Na ɗauka an gama ke nan. Na biyu a kan gishiri, na uku ban ma san a kan me ba. Tanti Hamsa takan ce mini kala suru, wato sai haƙuri, har ranar da ta ga idona a kumbure, daga nan ba ta sake faɗa ba. Da a Maraɗi ne da na yi yaji, a zo biko, manya su zaunar da shi su yi masa faɗa. A Yamai kuwa ina za ni? Gwaggona an yi wa mijinta canjin aiki sun koma Agadas, mahaifina ya rasu, gida tafiyar yini guda ne. Na kira innata a salula, ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in rufa wa kaina asiri.

Wata Laraba bayan azahar ya dawo cin abinci ya tarar gas ya ƙare, ina hura gawayi. Ya kama hannuna na dama ya murɗa, na ji ƙarar abin kafin in ji zafinsa. Tanti Hamsa ba ta tambayi kowa ba, ta sauke madambacinta, ta tare taksi ta kai ni likita. Da aka tambaye ni abin da ya faru na ce santsi ne ya kwashe ni a bakin pompo. Lokotoron mace ce, ta juya hannun a hankali, ta dubi shatin da ke jikinsa, ta ce:

"Pompon naku yatsu biyar gare shi?"

Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaure hannun da farin abin nan mai tauri. Sannan ta rubuta takarda ta buga hatimi, ta ce wannan sartifika medikal ce, a ciki ta rubuta raunin da ta gani da kwanakin da zan yi ban iya aiki ba, kuma alƙali na duba kwanakin nan ya gane nauyin abin da aka yi. Ta tura ni wani ƙaramin biro wurin wata madam ta sosiyal, mai kula da matsalolin iyali. Ita ce mutum na farko da ya gaya mini cewa duka laifi ne a dokar ƙasa ko da mijinki ne ya yi, aure ba ya goge shi. Ta ce ina iya kai ƙara komisariya, wato ofishin polis, ko wurin jandarma, ko a rubuta wasiƙa kai tsaye ga mai gabatar da ƙara, wanda suke kira purokirar. Ta ce akwai ƙungiyar mata masana doka da ke raka mace ba tare da ta biya ba, akwai kuma gidan da ake ɓoye mata su kwana biyu in gida ya gagara. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Abu ɗaya ta nace a kai, a yi wa takardar fotokopi, ta ainihin kuma kada ta kwana a ɗakina. Tanti Hamsa ta naɗe ta ta soke a lalitarta.

Washegari Tanti ta ja ni komisariya, ni dai bin ta kawai nake. Wanda ya karɓe mu saurayin polis ne mai ladabi, yana buga ordinatar da yatsa biyu. Ya rubuta sunana, da na mahaifina, da unguwa. Sannan ya tambayi a kan wa nake ƙara, na ce maigidana. Ya ce sunansa fa? Na sunkuyar da kai. Tanti ta yi caraf ta ce sunansa Tela. Ya yi murmushi, ya tambaye ta ko ta san yawan telolin da ke Yamai. Sai a lokacin Tanti ta gane shekara huɗu tana ba mutum dambu ba ta san sunansa ba. Polis ɗin ya gane inda matsalar take, ya ce shi ma uwarsa haka take, ya turo mini takarda da bik ya ce in rubuta ko da hannun hagu ne. Na dubi takardar nan har ta fara yi mini rawa. Ya ce:

"Madam, in babu suna sai dai in sa ikis. Kin yi lakwal, kin san ikis. Shi kuwa ikis ba a aika masa sammaci."

Na san ikis mana, shi ne abin da ba a sani ba a lissafi, wanda ake wahalar nema. Ni kuwa na san nawa, na san ƙamshin turarensa, na san yadda yake tari da safe. Na miƙe na ce zan dawo. A hanya Tanti ta yi ta faɗa da Zabarmanci. Ita ta ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce kaɗai, Nana. Na san in sunan nan ya fita, ko da baki ko da bik, na rabu da inuwar dogon yaro, da layin pompo, da Iya, da Juma'ar bakin kogi wadda nake ta jira ta dawo. Ban shirya ɗaure kayana ba.

Kuma sai ga shi kamar Juma'ar nan ta dawo. Sati uku da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin kwanakin aurena, abin da ke ba ni tsoro ke nan in na tuna. Ya yi kuka, ya rantse ya bar ƙwaya. Ya ɗinka mini riga mai faɗin hannu ɗaya don ɗaurin ya shiga, duk gidan aka yi ta dariyarta. Iya ta hana ni taɓa ko da tsintsiya, ita ke yi mini kitso, ita ke ba ni fura a baki kamar yarinya. Ya ɗauke mu a moto ni da ke muka haye gada, kika ga dorinar ruwa daga nesa kika ce saniya. Na ce a raina Allah ya rufa asiri da ban faɗi sunan nan ba.

Ranar wata Asabar da hantsi yana neman katin alurarki a cikin akwatina, sai ya ci karo da fotokopin. Ina tsakar ɗaki, kina goye a bayana, Iya ce ta ɗaura mini ke don hannuna bai iya ba. Ya karanta, ya tambaye ni wa na kai wa sirrinsa. Na ga hannunsa ya tashi. Nana, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke. Cikin shekarar nan jikina ya koyi wata dabara da kansa, in hannu ya tashi sai in juya baya in kare fuskata. Na juya. Na manta kina can. Dukan da aka yi nufin fuskata da shi a kunnenki ya sauka, kanki ya bugu da ƙyauren ƙofa. Ba ki yi kuka nan da nan ba. Shirun nan da kika yi, bai fi a ja numfashi uku ba, amma har yanzu a cikinsa nake kwana. Iya ta shigo da gudu, abin da ban taɓa gani ba, ta tsaya tsakaninmu tana cewa kai wancan, kai wancan. Ko a lokacin ba ta kira sunansa ba. Ta juyo ta ce in shiga ɗakin Hamsa har ya huce.

Ban shiga ɗakin Tanti ba, ƙofar gida na nufa, Tanti kuma ta biyo ni ba ko takalmi. Muka fara zuwa likita, aka duba ki, aka ce Allah ya tsare amma a sa ido a kan kunnen, aka rubuta takarda ta biyu mai sunanki. Daga nan muka wuce komisariya. Wannan karon aka kai mu biron da ke kula da mata da yara, wurin wata polis mace, babba, mutuniyar garin Tawa. Ta ba ki biskit, ta rufe ƙofa, ta bar ni na yi magana yadda ta zo mini, ba ta katse ni ba. Da muka iso wurin suna na sake yin shiru. Ta aje bik ɗinta ta ce ita ma shekara ashirin ba ta taɓa kiran sunan nata mijin ba a gida, kuma ba ta ga laifin al'adar ba. Ta ce in ina so in rubuta, ko a aika a ɗauko takardar aure, duk ɗaya ne a wurinta. Sai dai ta gaya mini gaskiya, in abin ya kai gaban alƙali za a tsayar da ni a tambaye ni da baki, a gaban mutane. Kina kan cinyata da auduga a kunne, kina gutsurar biskit. Na ture takardar.

"Yunusa," na ce.

Muryar da ta fito ban san ta ba. Ta ce in ƙara da sunan mahaifinsa, na ƙara, sunan da Iya ta ɓoye shekara arba'in. Sannan na yi amai a kwandon shara. Ta jira na gama, ta karanta mini duk abin da ta rubuta, ta ce in akwai inda ba haka na faɗa ba in gyara, sannan na sa hannu da hagu.

A ranar aka haye da mu gada zuwa wani gida a wajen Lamorde, wanda ba zan kwatanta miki ba ko a nan, don akwai matan da ke ciki yanzu. Mun yi sati biyar. Akwai wata mata da ke zuwa ta zauna da mu ɗaya bayan ɗaya, aikinta kawai ta saurara, ita ce ta ce in riƙa rubutawa in abin ya taso mini. Akwai kuma masaniyar doka daga ƙungiyar nan, Madam Zainabu, wadda ta bi ni kowane biro. Ita ta fahimtar da ni cewa hanya biyu ce daban, maganar duka tana wurin jastis, maganar aure da riƙonki kuma tana da nata zaman. An kira ubanki, an tsare shi. Daga nan salulata ba ta huta ba. Kawunansa daga Damagaram, limamin unguwa, innata tana kuka, kowa magana ɗaya, in janye a sasanta a gida, kada in sa ɗiyata ta tashi a ce ubanta ya yi kaso. Iya kaɗai ba ta kira ba, kuma shirunta ya fi duk kiran nan nauyi. A sati na uku na karaya. Na ce wa Madam Zainabu ta kai ni in janye. Ta ce za ta kai ni in dai ra'ayina ne ba na masu kira ba, amma in san wani abu tukuna:

"Nan ba kamar zauren mai unguwa ba ne, da in kin ce kin yafe a shafa fatiha a tashi. Kina iya yafe naki. Amma dukan mutum laifi ne a kan jama'a duka, purokirar na iya ci gaba ko babu ke. Balle ga takardar yarinya."

Na zauna a bencin nan ban san ko kuka zan yi ko godiya ba. Duk kwanakin nan ina jin wuyansa a hannuna yake, ni ce zan shaƙe ko in saki. Ashe abin ya bar hannuna tun ranar da na buɗe baki. Ban janye ba. Da kawunsa ya sake kira na gaya masa abin da aka gaya mini, ya ce wannan dokar nasara ce, ya kashe.

Ranar shari'a ɗakin cike yake da mutanen da ke jiran nasu. Na hango ubanki ya rame, sanye da rigar da na sani, na hango Iya a benci na biyu ta lulluɓe har goshi. Alƙali ya tambaye ni ko na san mutumin nan, wane ne shi, me ya yi mini. Na faɗa, suna da sunan uba, yadda aka ce in ɗaga murya. Ban dubi ubanki ba, Iya na duba. Ta rufe ido kamar an watsa mata ruwa. Shi bai musa komai ba, ya ce ƙwaya ce da sheɗan, ya nemi gafara. Aka same shi da laifi, aka yi masa ɗaurin talala, wato ba zai koma kaso ba bayan kwanakin da ya yi, amma in ya sake, tsohon hukuncin zai faɗo masa tare da sabo. Bayan wata biyu aure ya mutu a nasa zaman, aka bar mini ke. A bakin ƙofar jastis na durƙusa na gaida Iya, ta wuce ni. Daga baya Tanti Hamsa ta kawo mini abin da ta ce, wai kai shi polis da na yi ba ta ga laifina ba, don da idonta ta ga abin da ya same ki. Amma sunan ɗanta da na mijinta da na shimfiɗa a gaban maza baƙi kamar kayan talla, wannan sai dai a lahira.

Yanzu muna ɗaki ɗaya a wannan ƙetaren, ina taya wata mata tsaron butik, na kuma sa sunana a darasin yamma ko Allah zai sa in ƙarasa lise. Ba zan ce miki na warke ba. In moto ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe in duba sakata, in na wuce shagon tela na ji ƙarar keke sai in tsallaka titi. Kunnenki ya warke, amma kullum sai na yi miki raɗa ta wannan gefen don in tabbatar. Ubanki ya koma Damagaram, an ce ya bar ƙwaya, Allah ya sa haka ne. Iya kuwa ta ƙi bin sa, ta zauna a ɗakin nan na Kalley ita kaɗai, ta ce wa Tanti ba za ta bar garin da takwararta take ba.

Shi ya sa duk Juma'a nake goya ki mu hau motar faba-faba mu haye gada. Ba na shiga gidan, ƙafata ba ta yarda. A rumfar dambun Tanti Hamsa da ke bakin titi muke haɗuwa, daga nan ina hango kan dogon yaro ta bisa katanga. Iya takan fito da alkaki a ƙullin gyale, ta ɗauke ki ta ɗora a cinya, ba ta dubana, ba ta amsa gaisuwata. In tana da magana, ke take gaya wa. Ki ce wa uwarki kitson nan ya yi tsauri. Ki ce wa uwarki a daina ba ki ruwan sanyi. Ni ma in amsa ta bakinki, ki ce wa Iya an ji. Wata bakwai muna haka, Tanti na yi mana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin tafinta mai majina a hanci ba.

Juma'ar da ta wuce an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, ciwon hannun nan ya tashi. Da na zo ɗaga ki sai na sake ki na canja hannu. Iya ta daɗe tana gyara miki ɗankwali da bai karkace ba. Sannan ta ce, a hankali, tana kallon ƙeyarki:

"Ki ce wa uwarki ta riƙa gasa hannun nan da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗe. Ki ce mata ƙashin da aka karya wa mutum ba ya son sanyi."

Aka karya wa mutum, haka ta ce, Nana, ba ta ce ya karye ba. Ke kuwa bakinki cike da alkaki, ba ki isar da saƙon ba. Muna isowa gida na ɗora ruwa a wuta.